Kukan Kurciya Ga Jami'o'in Kebbi: A Koya Wa 'Ya'yanmu Yadda Duniya Ke Cuɗanya

Maganar da zan yi a wannan fitowa ba lalle ta yi wa wasu malamanmu na jami'a daɗi ba, to amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jihar Kebbi tana da jami'ar jiha a Aliero tun 2006, tana da ta tarayya a Birnin Kebbi tun 2013, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Kowace shekara makarantun nan suna yaye samari da 'yan mata. Masu rabo a cikinsu su sami kujera a sakatariyar jiha da ke Gwadangaji, inda ake rubuta takardun rabon taki da iri da bashi, sauran kuma su nufi gona ko kasuwa ko aji. Abin tambaya a nan, mutum nawa ne a cikinsu za a tsayar a ce ya bayyana dalilin da ya sa buhun shanshera ya yi tashin gwauron zabo a 2023 da 2024, sa'an nan ya faɗo warwas a 2025, har ya ba da amsar da ta wuce "laifin gwamnati ne" ko "'yan kasuwa ne ba su da tausayi"? Yaran nan suna da ƙwaƙwalwa, kowa ya shaida. Laifin na waɗanda suka ba su digiri ne ba su ba su taswira ba.

A jami'o'in Amurka da wasu ƙasashe akwai wani tsari da ɗalibi ke riƙe babban fanni guda, ya kuma ɗauki wani ƙarami a gefe, kamar darussa biyar ko shida, wanda za a rubuta masa a takardar shaidarsa in ya gama. Daga cikin irin waɗannan ƙananan fannoni akwai nazarin cuɗanyar duniya, wato yadda ciniki da kuɗi da makamashi da yaƙi da annoba ke tsallake iyakokin ƙasashe, har hukuncin da aka yanke a wani birni mai nisa ya zo ya taɓa tukunyar wanda bai taɓa jin sunan birnin ba. Ra'ayina shi ne, ɗalibin Kebbi ya fi ɗalibin Amurka bukatar wannan karatu nesa ba kusa ba, kuma ya kamata a buɗe masa ƙofarsa ko da aikin gona yake karantawa, ko Hausa, ko lissafi. Sharaɗina ɗaya ne: daga fadamarmu za a gina shi, ba daga littafin aro ba.

Labarin Buhun Shinkafa

Bari mu ɗauki shinkafa, tun da ita ce tutar jiharmu. A tsakiyar 2014 ana sayar da gangar ɗanyen mai sama da dala 100. Kafin shekarar ta ƙare farashin ya karye, zuwa farkon 2016 ya sauka ƙasa da dala 30. Babban dalili shi ne Amurkawa sun ƙware a wata dabarar tatso mai daga cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa a jihohin Tekzas da Dakota ta Arewa, kasuwa ta cika ta batse, ƙungiyar OPEC kuma ta ƙi rage nata haƙon. Nijeriya, wadda kusan duk dalarta daga mai take zuwa, ta wayi gari aljihu ya yi sanyi. A Yunin 2015 Babban Banki ya fitar da jerin kaya 41 da ya ce ba zai ƙara ba da dala a shigo da su ba, shinkafa na ciki. Ran 17 ga Nuwamban shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya zo nan Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Anko Borowas. A 2016 Kebbi da Legas suka ƙulla yarjejeniyar da ta haifi shinkafar Lake, a 2017 kuma aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu.

To, mai karatu, ka ga inda zaren ya faro. Manomin Zauro ko na Augie da ya karɓi bashi ya sayi injin ban ruwa bai san mahaƙin mai na Tekzas ba, shi ma mahaƙin bai san da shi ba, amma rijiyar wancan ce ta turo wa wannan bashi.

Zaren bai tsaya nan ba. Ran 7 ga Yulin 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a Yamai a kan yarjejeniyar ciniki ba shinge ta nahiyar Afirka. Watan Agusta bai ƙare ba ya rufe iyakokin ƙasa, don a toshe shinkafar Indiya da ta Tailan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ana fasa-ƙwaurinta zuwa cikin Nijeriya. An buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020, amma Kamba sai Afrilun 2022. Manomi ya ji daɗin rufewar, mai sayen abinci ya ji jiki, ɗan kasuwar Kamba da danginsa ke Gaya ya rasa na kamawa.

Sai 2023 ta zo. Ran 20 ga Yuli gwamnatin Indiya, don tsoron ƙarancin damina da kuma zaɓen da ke gabanta a 2024, ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, a Agusta ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan turararriya, wadda ita ce irin da muke ci a nan. Indiya kuwa ita ke da kusan kashi 40 cikin 100 na dukkan shinkafar da ƙasashe ke sayar wa juna. A daidai lokacin an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. 'Yar waje ta gagari talaka, shanshera ta yi daraja, manoma suka faɗaɗa gonaki, wasu da bashi. Ana cikin haka, a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, shinkafa na ciki. A Satumba da Oktoban shekarar Indiya, da rumbunanta suka cika, ta kwance takunkuminta. Farashin shinkafa a kasuwar duniya ya sauka zuwa inda aka yi shekaru ba a gan shi ba. A 2025 manomin Kebbi ya girbe abin da ya noma da tsada, ya kai kasuwa aka taya masa da araha.

Babu ɗaya daga cikin abubuwan nan da aka yi a ɓoye. An faɗe su a rediyo, an rubuta su a jaridu, suna cikin wayar da ke aljihun kowane ɗalibi. Abin da aka rasa shi ne mai haɗa su wuri ɗaya, ya tsaya gaban ƙungiyar manoma tun kafin a yi shuka ya ce, jama'a, tsadar nan ba tamu ba ce, aro ce, ranar da Indiya ta buɗe rumbu za ta tafi, kowa ya yi hattara da bashi. Wannan ba duba ba ne, ba kuma sanin gaibu ba ne. Karatu ne, kuma ana koyar da shi. Mu ne ba mu koyar ba.

Taki, Fetur Da Wayar Wuta

Kada wani ya ce shinkafa ce kaɗai. Buhun takin NPK da ake haɗawa a cikin Nijeriya, yuriyarsa ce ta gida, amma sinadarin fosfat daga Maroko yake zuwa bisa yarjejeniyar Disambar 2016, fotash kuma galibi daga Rasha. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, sai da Nijeriya ta ruga Kanada neman fotash, taki ya yi tsada a Jega da Bunza. Ran 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Manomin rani da injinsa ke shan fetur safe da yamma ya fara neman famfo mai aiki da hasken rana, faifan famfon kuma daga Sin ake kawo shi, da dala ake sayensa.

Ga kuma wadda ta fi kusa. Wayar wutar lantarkin da ke haska birnin Yamai daga nan Birnin Kebbi take tashi, ta bi ta Doso. Kafin 2023 Nijar na samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Nijeriya. Da sojoji suka kifar da gwamnatin Muhammad Bazoum ran 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijeriya ta buɗe iyakarta a Maris, amma miki ya riga ya zauna: a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar ɗungurungum. Albasar Aliero da dabbobin da ke ƙetarowa da auren da ke tsakanin Dandawan nan da na can, duk sun ɗanɗana. Haka kuma makaman da suka bazu bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011, suka hargitsa Mali a 2012, ba su tsaya can ba. A Nuwamban 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa, waɗanda hukumomin tsaro suka ce daga yankin Sahel suka kwararo, suka kashe mutane a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Jihar da ta yi iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin, a ce ɗalibinta zai yi shekara huɗu a jami'a ya fita bai san dalilin da ya sa sefa ke tsaye naira na tangaɗi ba, alhali ɗan canjin Kamba da bai shiga aji ba ya san da wannan bambanci yake cin abinci? Amsar gajeriya ce, an ɗaure sefa ne da kuɗin Turai na yuro a kan farashi tsayayye. Amma wa ya gaya wa yaron?

Masu Cewa Baƙon Abu Ne

Na san masu suka ba za su rasa ba. Na farkonsu su ne masu cewa wannan karatu kayan Turawa ne, tarko ne na raba 'ya'yanmu da al'adunsu. Ga waɗannan nake cewa, ku koma ku karanta tarihin ƙasarku. Muhammadu Kanta bai kafa daular Kabi a cikin kogo ba. Tare da Askiya Muhammadu na Songhai ya je yaƙin Agadas, rabon ganima ya haɗa su, wajen 1516 ya ɓalle, ya gina Surame, ya riƙe hanyoyin fatake. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi ba daga Gulbin Rima aka tsamo shi ba, daga tsibiran Maldif da ke Tekun Indiya yake zuwa. Da 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani irin wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19, darajar wuri ta karye a duk Afirka ta Yamma. Ka ga ke nan faɗuwar darajar kuɗi saboda abin da wani ya yi a nesa ta girmi naira. Goron da aka tauna a Jega daga Gwanja fatake suka ɗauko shi. Fatar jar akuyarmu ta ratsa hamada ta isa Turai, can aka laƙaba mata sunan Maroko, wato wani ya yi kiwo wani ya ci suna.

A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu zamanin Sarki Halilu. A nan ya ci karo da littafin Tarikhus Sudan na Abdurrahman Sa'adi, mutumin Tumbuktu, ya zauna ya kwafi abin da ya iya. Ta hannunsa Turawa suka fara sanin tarihin Songhai. Ma'ana, malaman Gwandu na wancan zamani suna ajiye da tarihin wata daula mai nisa da su, suna karanta shi, tun Turawa ba su san da shi ba. A zamaninmu kuma ɗan ƙasar Yauri, Farfesa Mahdi Adamu, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato daga 1982 zuwa 1989, ya wallafa littafi a 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, ya bi sawun fatakenmu har bakin teku. To wane ne baƙo a nan, mai neman a san duniya ko mai cewa a toshe kunne? Wanda ya ƙi sanin yadda tarko yake, ai shi tarko ke fara kamawa.

Masu Rigar Aro

Kashi na biyu sun fi na farko haɗari, domin su za su yarda da ni da baki. Su ne waɗanda in an ce a buɗe wannan fanni za su shiga intanet su sauko da manhajar wata jami'a ta Amurka, su canza mata suna, su shigo aji suna rera wa yara cewa duniya ta zama ƙauye ɗaya, kowa na dogara da kowa. In ma ƙauye ne, ai a ƙauye akwai mai gari akwai ɗan ƙwadago. Mahayi ya dogara da doki, doki ma ya dogara da mahayi wajen harawa, amma kowa ya san wa ke riƙe da linzami. An rubuta manhajar Amurka ne don ɗan ƙasar da ke buga dala ya san inda zai zuba jarinsa. Ɗanmu kuwa ɗan ƙasar da ke neman dala ne, tambayoyinsa dabam ne.

Tambayarsa ta farko ita ce, wa ya ci riba, wa ya biya? Madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, aka gama a 1978. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka nemi diyya, a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka da dama suka salwanta. Mutanen da ke ƙasa da madatsar kuma, waɗanda noman shinkafarsu da kamun kifinsu suka dogara da malalar gulbi ta kowace damina, suka ga ruwa ya canza hali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1985 Janar Babangida ya ce 'yan ƙasa su yi muhawara a kan bashin Asusun Ba Da Lamuni na Duniya, jama'a suka ce ba su so, aka ce an ji. A 1986 aka kawo shirin SAP mai ɗauke da sharuɗɗan asusun, nairar da ke kusan kunnen doki da dala a farkon shekara ta koma wajen huɗu kafin ƙarshenta, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. A shekarar Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da littafi yana jayayya da wannan hanya, yana cewa a gina kasuwar cikin gida. Ko ka yarda da shi ko kada ka yarda, ɗalibin da zai yi nazarin cuɗanyar duniya a Kebbi bai karanta shi ba, bai kuma karanta hujjojin waɗanda suka saɓa masa ba, an cuce shi. Ni ba wa'azin ƙin duniya nake so a yi wa yara ba, ba kuma kirarinta ba. Ma'auni nake so a ba su.

Masu Cewa Ba Hali

Kashi na uku su ne masu riƙe da ofis, waɗanda za su ce tsarin jami'o'in Nijeriya bai san ƙaramin fanni ba, kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke tsara manhaja daga Abuja. Da wannan hujja tana da ƙarfi, yanzu kam ta yi rauni. A Disambar 2022 hukumar ta fitar da sabuwar manhaja, inda ta riƙe kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Ga ƙofa a buɗe. Kwalejojin ilimi kuwa tun fil azal ɗalibi fanni biyu yake haɗawa, don haka riƙe fanni a gefen wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin tsoro shi ne a cika kashi 30 ɗin nan da maimaicin abin da ke cikin kashi 70, domin shi ya fi sauƙi ga malamin da ya saba da tsohuwar takardarsa.

Wani zai ce ai akwai darussan gama-gari da ake tilasta wa kowane ɗalibi. Gaskiya ne akwai su, kuma kowa ya san yadda ake yin su a jami'o'in ƙasar nan: a tara ɗaruruwan yara a zaure ɗaya, na baya ba ya jin na gaba, a haddace, a zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu, a manta kafin a kai ɗaki. In nan za a jefa wannan karatu, gara a bar shi.

Ba na jin ana bukatar sabon gini ko sabon sashe. Malaman suna nan a warwatse, na tarihi a nan, na tattalin arziki can, na ƙasa da yanayi a wani lungu, na aikin gona a wani, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Darussa shida sun isa, a raba su a shekara uku. Na farko tarihin fatauci da ƙaura a ƙasar Kabi, daga zamanin Kanta zuwa shata iyakar da Ingila da Faransa suka yi tsakanin 1898 da 1906, wadda ta raba dangi biyu. Na biyu yadda kuɗi ke aiki, naira da sefa da dala, bashin ƙasa da masu ba da shi. Na uku kowane ɗalibi ya zaɓi haja ɗaya, shinkafa ko albasa ko fata ko kifi, ya bi sawunta da ƙafarsa daga gona zuwa Jega ko Aliero ko Kamba, ya tambayi direba da dillali da ɗan kwastan, ya rubuta abin da kowa ke samu a kan buhu ɗaya. Na huɗu ruwa da yanayi: Kogin Kwara daga tsaunukan Gini yake tasowa, ƙasashe tara ke cikin hukumar da ke kula da shi mai hedkwata a Yamai, Nijar na gina madatsar Kandaji a samanmu, Gulbin Maraɗi ma sai ya shiga Nijar kafin ya dawo ya faɗa Rima. Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2020 da ta shanye gonakin shinkafar jihar nan ba ya bukatar a gaya masa amfanin wannan darasi. Na biyar Faransanci, irin na kasuwa da na takardar kwastan, tare da ɗan abin da ya sawwaƙa na Zabarmanci. Na shida ɗalibi ya rubuta bincikensa da Hausa, ya je gaban wata ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa ya karanta musu, su yi masa tambayoyi. In sun gane ya ci, in ba su gane ba ya sake.

Wannan darasi na ƙarshe shi ne gishirin abin. Ilimin da ya tsaya a Turanci, a kan tebur, a cikin fayil, bai amfani mai gona a Suru da komai ba. Kuma a Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wato harshen da ake ciniki da shi a Kamba da Gaya ya ƙara samun gindi a ƙetaren iyaka. Sai dai yaron da aka ce ya bayyana tashin dala da Hausa zai nemi littafin da zai jingina da shi, da ƙyar ya samu. Nan aikin ya shafi masu riƙe da alƙalami, domin kalmomin ba daga sama za su faɗo ba, sai an zauna an rubuta.

Akwai kuma iyaye da za su tambaya, wane aiki wannan karatu zai ba ɗana? Tambaya ce ta gaskiya. Amsa ita ce babban fanninsa na nan daram, ba a taɓa shi ba. Malamin gona zai fita malamin gona, sai dai wanda ya san lokacin da zai ce wa manoma su sayar da lokacin da zai ce su ajiye. Akanta zai fita akanta, sai dai wanda kamfanin casa zai iya aika shi Kwatano ko Yamai ba tare da tafinta ba. Wanda kuma ya sami kujera a Gwadangaji, in aka ce ya rubuta wa kwamishina shawara a kan noman rani, zai leƙa rumbun Indiya da farashin fotash kafin ya sa alƙalami.

Kammalawa

Ya ku shugabannin jami'o'inmu da 'yan majalisun dattawansu, ba a nemi ku tsayar da dala ba, ba a ce ku hana Indiya buɗe rumbunta ba, wannan ya fi ƙarfinku, ya fi ƙarfin gwamna. Abin da ke hannunku shi ne abin da za a sa a kan allo. A 2015 an ɗora wa manomin Kebbi ciyar da ƙasa, ya karɓa, ya shiga laka har gwiwa. A 2025 iskar da ta kawo masa arziki ta juya, ba wanda ya yi masa ko da tari. 'Ya'yansa ne ke zaune a azuzuwanku, da kuɗin shinkafarsa ya biya musu rajista. Mafi ƙarancin haƙƙinsa a kanku shi ne ku maido masa da su sun san daga ina iskar ke busowa, domin za ta sake juyawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

In akwai malamin da ke ganin na yi kuskure, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ya zo da hujjarsa mu gwada. Shirun ne ba za mu karɓa ba. Kukan kurciya dai jawabi ne. Allah Ya sa a ji.